Yadda ake zama injiniyan gyaran jirgin sama mai lasisi, tun daga sakandare har ranar sa hannu

Duk wanda ya taɓa raka alhazai filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ya san su ko da bai san sunan aikinsu ba, mutanen nan masu riga mai ƙyalli da tocila a hannu, suna zagaye jirgi kafin a fara shiga, wannan ya duƙa ya leƙa taya, wancan ya haska cikin inji, sannan ɗaya ya hau sama ya sa hannu a wani littafi. To wannan sa hannun shi ne maganar tamu ta yau. Matuƙi komai girmansa ba ya ɗaga jirgi sai wannan mutumin ya rubuta cewa jirgi lafiya lau, ya sa hannu ya buga hatiminsa. Abin da ke damuna kuwa, yaranmu na Kebbi da Zamfara in ka ce jirgin sama kowa failot yake so ya zama, kwas ɗin da kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, alhali ga wannan aikin mai mutunci da ake nema a ko'ina a duniya amma ba kowa ya san ta inda ake shigarsa ba.

Kafin komai ƙanina ka riƙe wannan da kyau, don nan ne mutane da yawa suke ɓata shekarunsu: takardar makaranta daban, lasisi daban, izinin sa hannu kuma daban. Makaranta tana ba ka difloma ko digiri. Lasisi kuwa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ita kaɗai ke bayarwa a Najeriya, babu jami'ar da za ta ba ka shi ko da ka fita da sakamako mafi daraja. Izinin sa hannu kuma kamfanin da kake wa aiki ne ke ba ka bayan ka samu lasisin. Duk wanda ya ce maka yana gama makaranta ya zama injiniya mai sallamar jirgi, to ko dai bai gane ba ko kuma yana so ya burge ka ne kawai.

Mataki na farko tun a sakandare yake. Kiredit biyar, kuma dole a ciki akwai Turanci da lissafi da fiziks, ka haɗa da kemistiri don ka huta. Turancin nan kada ka raina shi wallahi, don galibin littattafan gyaran jirgi da shi aka rubuta su, kuma ba aiki ba ne da ake yi da ka, ana buɗe littafi ne a bi layi bayan layi, in ba ka fahimci jimla ɗaya ba za ka iya ɗaure abin da aka ce a sassauta. Ba sai ka iya Turancin burga ba, na karantawa a gane shi ake so. Kuma wannan magana har da ƙannenmu mata, akwai mata masu lasisi a ƙasar nan suna sa hannu kamar kowa.

Sai zaɓen makaranta. Wadda kowa ya sani ita ce kwalejin koyon fasahar jiragen sama ta Zariya, NCAT, da aka kafa tun 1964, in ka taso ta Gusau da Funtuwa kana wuce Samaru za ka gan ta a Palladan kafin ka kai Kwangila. Tana da sashe guda na gyaran jirgi zalla, kuma tana da jirage da hanga, wato babbar rumfar gyaran jirage, a cikinta, wato kana karatu kana taɓa ƙarfe. Akwai kuma AFIT ta sojojin sama a Kaduna, tana ɗaukar farar hula. Wasu kuma suna fita Habasha, makarantar kamfanin jirgin ƙasar da ke Addis Ababa. Amma ko wace makaranta ce, dan Allah kafin mahaifinka ya sayar da buhunan shinkafarsa ya biya kuɗi, ka tabbatar kwas ɗin da za ka yi NCAA ta amince da shi a matsayin horon gyaran jirgi, ka tambayi makarantar takardar amincewa, kuma ka tambayi hukumar kanta. Bambancin ba ƙarami ba ne. A ƙa'idar ICAO, hukumar duniya da ke Montreal wadda Najeriya ke bin tsarinta, mai neman lasisin jirgi gaba ɗayansa sai ya yi aƙalla shekara 4 yana aikin da hannunsa, amma in ya gama kwas da aka amince da shi shekara 2 ta isa. Kaga shekara biyu cur na rayuwarka sun rataya a kan tambaya ɗaya.

Wanda ya riga ya yi difloma a kanikanci ko lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ko ta Kauran Namoda, ko digiri a jami'ar Aleiro, karatunsa bai tafi a banza ba, zai sha sauƙin lissafi da zane da lantarki sosai, sai dai ya sani takardar tasa ba ta maye gurbin horon jirgi. Batun kuɗi kuma, ka buga ƙofar hukumar tallafin karatu ta jiha tun da wuri da takardar shaidar samun gurbi a hannu, ba da baki kawai ba.

A makarantar ne za ka zaɓi layi. Akwai masu gangar jirgi, wato fukafukai da tayoyi da birki da haidirolik da abubuwan sarrafa tashi, akwai masu inji, galibi ana haɗa waɗannan biyun a hannun mutum ɗaya. Sai kuma masu abiyonik, su ne na waya da rediyo da rada da kwamfutocin da ke gaban matuƙi. In kai mutum ne mai haƙurin bin waya ɗaya cikin ɗari har ka gano inda ta yanke, je abiyonik. In kuma ka fi jin daɗin ganin abu ya kwance ka haɗa shi, je ɗayan. A ganina kada ka zaɓa don wai wane ya ce can aka fi kuɗi, zaɓi wanda za ka iya yi ƙarfe uku na dare ba tare da ranka ya ɓaci ba, don aikin nan yawancinsa da dare ake yi lokacin da jirage suka kwanta.

To yanzu ga inda aikin yake, kuma nan zan daɗe. Bayan makaranta dole ka shiga aikin hanga ko na duba jirage a filin jirgi a ƙarƙashin kamfanin gyara da NCAA ta amince da shi, ka yi aiki a hannun mai lasisi. Gaskiya ɗaya ce, wannan ba a Birnin Kebbi ko Gusau za ka same shi ba, sai ka yi ƙaura, Legas ko Abuja ko Kano ko Kaduna. Aero Contractors a Legas suna da hangar da ake babban bincike na Boeing 737, a Kano akwai kamfanonin Arewa irin su Max Air da Rano Air, ga Air Peace, ga Overland, ga masu jirage masu saukar ungulu da ke aikin kamfanonin mai a kudu. Tun lokacin da makaranta ta tura ka sanin makamar aiki ka fara kafa ƙafa, ka zo da wuri, ka share, ka riƙe tocila, ka ɗauko tsani, kada ka ce kai ɗan sarauta ne, shekarun farko kamar yaron gareji kake kafin a yaye shi, ogan da ya ga kana da kunne shi zai kira ka ranar da za a sauke inji.

Kuma tun ranar farko ka buɗe logbuk ɗinka, wato littafin da kake rubuta duk aikin da ka yi. Wannan littafin shi ne dukiyarka, ya fi satifiket ɗinka daraja a gaban hukuma, don shi kaɗai ke nuna abin da hannunka ya taɓa. Duk aikin da ka yi ka rubuta kwanan wata, irin jirgin, lambar rajistarsa wadda a Najeriya take farawa da 5N, aikin da aka yi, lambar shafin littafin gyara da aka bi, sannan injiniyan da ya tsaya a kanka ya sa hannu ya rubuta lambar lasisinsa. A ranar, ba gobe ba. Mutane suna barin ta taru wata uku su ce za su cike lokaci ɗaya, kafin nan oga ya koma wani kamfani ko ya tafi Dubai, shikenan aikin ya bi ruwa tunda babu mai shaida.

Wani abu kuma da ba a cika gaya wa yara ba, ba yawan shafi ake dubawa ba, bambancin aiki ake dubawa. An kasa jirgi babi-babi da lambobi da duk duniya ta sani: 21 iska da sanyaya ciki, 24 wutar lantarki, 27 abubuwan sarrafa tashi, 28 mai, 29 haidirolik, 32 tayoyi da ƙafafun sauka, 49 ƙaramin injin da ke wutsiya, daga 70 zuwa sama kuma babban inji. In logbuk ɗinka duk canjin taya ne da ƙarin man inji, shafi ɗari abu ɗaya, mai duba takardunka zai ga ba ka san jirgi ba, taya ka sani. Saboda haka duk ƙarshen wata ka zauna ka duba wane babi ne babu komai a cikinsa, ka je ka roƙi shugaban shif cikin ladabi, ranka ya daɗe in za a yi aikin haidirolik a sa ni. Ka nemi a sa ka a neman matsala ma, ba kwancewa da ɗaurawa kawai ba, don gano abin da ya lalace shi ne ainihin ilimin. Kuma ka riƙa ɗaukar hoton kowane shafi kana ajiyewa a imel, littafi yana ɓata, ruwa yana jiƙa shi.

A nan ne kuma za ka koyi ɗabi'un da babu malamin aji da zai iya cusa maka. Kafin ka ɗauki sifanar auna ƙarfin ɗauri ka duba 'yar takardar da ke manne a jikinta ko wa'adin gwajinta ya wuce. In ka ɗauki kayan aiki goma sha biyu ka shiga ƙarƙashin jirgi, goma sha biyu za ka mayar, in ɗaya ya ɓata jirgi ba ya motsi sai an gan shi ko da kowa zai kwana a wurin. Iskar taya ana aunata ne in tayar ta huce, kuma naitirojin ake sa mata ba iskar falkinaiza ba. Aikin da ya shafi abin sarrafa tashi sai mutum na biyu ya sake dubawa ya sa nasa hannun. In aka kira ka ana tsakiyar aiki, da ka dawo ka koma baya matakai kaɗan ka sake bi, kada ka ce ai na tuna inda na tsaya.

Kada ka ɗauka tsanani ne kawai na Turawa. Mu nan mun ɗanɗana. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 na wani kamfanin Kanada, Nationair, da Nigeria Airways ta yi haya, ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato, lokacin ma ba a cire Kebbi daga jihar Sakkwato ba sai watan da ya biyo baya. Bincike ya nuna tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an san da haka tun kafin ranar, har an taɓa alƙaluman da ke cikin takarda, kuma da safen aka ƙi jira a samo naitirojin don kada a makara. Tayoyin suka fashe yana gudu a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun da wutar zuwa cikin jirgi. Mutum 261 babu wanda ya fita, Allah ya jiƙansu ya sa aljanna ce makomarsu. Iskar taya fa. Duk ranar da manaja ya tsaya a kanka yana duba agogo yana cewa fasinja na jira ka sa hannu kawai, ka tuna lasisin naka ne ba nasa ba, sunanka ne a littafin, kuma doka ta ba ka ikon ka ce a'a.

Sai jarabawar hukuma. Dokokin da ake aiki da su su ne Nig.CARs, suna nan a shafin NCAA kyauta, ka sauke na baya-bayan nan ba wanda wani ya turo maka a WhatsApp tun shekaru ba. Kashi na 2 shi ne na lasisin ma'aikata, a nan za ka ga sharuɗɗan da kansu, shekarunka kada su gaza 18, yawan watannin aiki na kowane layi, da darussan da za a tambaye ka. Kashi na 5 kan lafiyar jirgi ne, na 6 kuma kan kamfanonin gyara, ka karance su duka don daga cikinsu ake fitar da tambayoyin doka. Za ka cike fom, ka haɗa takardun makaranta da logbuk da wasiƙar kamfaninka, ka biya kuɗin hukuma ta hanyar da ta tsara ka riƙe rasit, kada ka damƙa wa kowa kuɗi a hannu wai zai taimaka maka. Akwai rubutacciyar jarabawa, akwai kuma ta baki da ta gwajin aiki. Darussa biyu da yara ke rainawa su ne dokar jiragen sama da kuma darasin halin ɗan Adam a wurin aiki, wato gajiya da gaggawa da rashin miƙa aiki da kyau tsakanin shif, suna ganin ba injiniyanci ba ne sai su bar su ƙarshe, kuma su ke kayar da su. A ta baki kuma in an tambaye ka ƙarfin ɗaurin wani noti kada ka yi ta ƙoƙarin haddace lamba, ka nuna ka san littafin da za ka buɗe da babin da za ka duba, abin da ake so a gani kenan.

Ka samu lasisi, alhamdulillahi, a yi walima a gida. Amma da sauran aiki. Lasisin farko na gama-gari ne, kafin ka sallami babban jirgi sai an rubuta maka irin jirgin a cikinsa. Wato ka je kwas na wannan jirgin shi kaɗai, misali Boeing 737 ko Embraer 145 ko ATR 72, tare da irin injin da ke jikinsa, ka yi na aji ka yi na hannu, ka kawo shaidar ka yi aiki a kansa, sannan NCAA ta ƙara maka shi. Kwas ɗin nan yana da tsada, galibi kamfani ke biya ya sa ka sa hannu a yarjejeniyar za ka yi masa aiki na wasu shekaru, ka karanta ta da kyau kafin ka sa hannu, in da hali ka nuna wa lauya. Shawarata kada ka ci bashi ka biya wa kanka kwas ɗin jirgin da babu shi a inda kake aiki, takarda ce kawai za ta zauna a akwati. Bayan wannan kuma sashen tabbatar da inganci na kamfanin zai zauna da kai ya gwada ka, ya ba ka hatimi da takardar da ta fayyace abin da za ka iya sa wa hannu da wanda ba ka da hurumi a kai. Ranar da ka bar kamfanin izinin ya mutu, lasisin ne kawai ke bin ka.

Masu tunanin fita waje kuma, lasisin da aka fi nema shi ne na hukumar jiragen sama ta Tarayyar Turai, EASA, wanda ke kashi na 66 na dokokinta. Rukunin B1.1 na gangar jiki da injin jet ne, rukunin B2 na abiyonik, ana rubuta jarabawar darasi-darasi kuma makin cin kowanne 75 cikin 100 ne, aikin hannu shekara 2 ga wanda ya gama makarantar da suka amince da ita, shekara 5 ga wanda bai yi wani horo ba. Ingila tun da ta fita daga Tarayyar Turai nata lasisin daban ne, kada ka haɗa su. Na Amurka kuma shi ne A&P na hukumar jiragen samansu, FAA, wata 30 na aiki in kana son gangar jiki da inji tare, sai dai baƙo ba ya samunsa daga wajen Amurka sai in ya nuna yana buƙatarsa don kula da jirgi mai rajistar Amurka. Kuma ko wanne ka riƙo, in ka dawo gida ba za ka sa hannu a jirgin 5N ba sai NCAA ta tantance shi ta amince. Ni dai ina ganin ka fara kama na gida tukuna, ka tara shekaru a logbuk, darussan Turai ka riƙa rubuta su ɗaya bayan ɗaya yadda aljihu ya ba da dama, amma ka lura suna da wa'adi, in ka ja abin da yawa na farkon zai mutu kafin ka gama na ƙarshe.

Saura batun sunan injiniya a gaban suna, wanda mutanenmu ke so ƙwarai. Wannan na COREN ne, majalisar da ke rajistar injiniyoyi tun 1970, kuma tana da matakai, mai digiri da ya cika shekarun aiki shi ake wa rajistar injiniya, mai babbar difloma da mai ƙaramar difloma kowa da nasa rukunin. Yana da amfani musamman in za ka shiga aikin gwamnati ko ka hau kujerar shugabanci, haka ma shiga ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, ko Royal Aeronautical Society ta Landan da aka kafa 1866, wadda ta hanyarta ake samun rajistar injiniya irin ta Ingila. Amma duk cikinsu babu mai ba ka ikon sallamar jirgi. Ƙungiyar ma'aikata kuwa ta matuƙa da injiniyoyi ita ce NAAPE, ka shiga, ranar rikici da kamfani za ka gane amfaninta.

Lasisin kansa yana da ranar ƙarewa a jikinsa, ka sa ta a wayarka ka fara shirin sabuntawa watanni kafin lokacin. Kuma ƙa'ida ce sai ka yi aƙalla wata 6 kana aikin a cikin wata 24 da suka wuce kafin ka ci gaba da sa hannu, saboda haka in an mayar da kai ofis ko ka dawo gida noman rani ka daɗe, ka lissafa watanninka kafin ka koma ka ɗauki hatimi, kuma logbuk ɗin nan ka ci gaba da cike shi ko bayan lasisi, don duk sabon jirgin da za ka nema a ƙara maka, logbuk ɗin za a fara tambaya.